Ranar da Gajere Ya Ɗauko Uban Wani

A Talata Mafara, in ka ce kana neman Gajere manomin shinkafa, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma in ka ce Gajere wanda ya ɗauko uban wani, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka gidan, yana ƙunshe dariya.

Wata Talata ce, kasuwa ta cika ta batse. Gajere ya dawo daga fadama, taɓo har gwiwa, bai ko kashe babur ba sai matarsa Larai ta leƙo daga zaure ta ce Baba, wato mahaifinsa, ya fita. Tukunya kawai ta juya ta sauke, kafin ta waiwayo babu shi, babu malfarsa. Gajere ya karkata kan babur ya nufi hanyar tashar Maradun, don ya san nan ake fara nema.

Bai kai tashar ba ya hangi tsoho zaune a gindin dogonyaro, kusa da 'yan hatsi, cikin riga ruwan toka, malfa ta rufe masa rabin fuska. Gajere ya yi hamdala. Ya sauka, ya tsuguna a gefe, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, mu tahi gida." Tsoho ya miƙe ba musu, ya tattara rigarsa ya hau.

Kada a yi saurin zargin idon Gajere. Shi ɗan fari ne, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa tsayar da ido a fuskar mahaifinsa ba. Rigar kuwa wani attajiri ne ya raba wa dattawan da suka yi gudun hijira, da azumi, yadi ɗaya, tela ɗaya. Shi kuma tsohon da ke bayan babur, Malam Hamidu ne mutumin Faru, idanunsa sun yi yana, yana zaune a gidan 'yarsa a wata unguwa. Mijin 'yar ne ya ajiye shi a gindin bishiyar, ya ce ya jira shi zai shiga kasuwa ya fito. To suruki ai ba a hira da shi. Haka suka ratsa gari, wannan yana jin kunyar uba, wancan yana jin kunyar suruki, babu wanda ya ko yi tari.

Da suka isa, Gajere ya zaunar da shi a tabarmar zaure. Larai ta turo ƙwaryar fura daga bayan ƙyaure, ita ma ido a ƙasa, kamar yadda ake yi wa uban miji. Malam Hamidu ya ji warin zauren ba na gidan 'yarsa ba ne, amma ya ɗauka an biyo da shi wata gaisuwa ce ba a gaya masa ba. Furar dai ba ta yi masa laifin komai ba, ya sa ludayi.

Gajere na wanke ƙafa a ƙofar gida sai ga Surajo, ɗan kamashon tashar Maradun, riƙe da hannun wani tsoho mai riga ruwan toka.

"Gajere, ga tsohonka. Tun ɗazu nike riƙonai da gaisuwa, har gaisuwata ta ƙare."

"Tsohona shina ciki, shina shan hura," in ji Gajere.

Surajo ya dubi tsohon da ke hannunsa, ya dubi Gajere. "To wanga hwa, na wa ne?"

A ranar ne Gajere ya ɗaga kai ya kalli mahaifinsa ido da ido, ya leƙa zaure ya kalli ɗayan, ya sake dawowa. Surajo ya ce har yau bai ga mutum mai tsawo ya koma ƙarami nan take kamar Gajere a wannan rana ba.

Don Gajere dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Sunan kakansa aka sa masa, babu mai iya faɗa a gidan, sai wata goggo ta laƙaba masa Gajere tun yana rarrafe. Daga baya ya miƙe kamar giginya, suna ya ƙi binsa sama.

Su Gajere mutanen Gidan Goga ne, can ƙasar Maradun. Mahaifinsa, Malam Falalu, an san shi da zaure. Mai saye da sayar da shanu in dare ya yi masa, Bafulatanin da ruwa ya tare, matafiyin da mota ta lalace masa, duk can ake nuna musu. Ana cewa zauren ba shi da ƙyaure, wai ya cire ya yi wa akurkin kaji murfi, don bai ga amfaninsa ba. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, har noma ya gagara, Gajere ya kwaso iyalinsa da tsohon suka dawo Mafara, wani dangi ya ara musu ɗaki biyu da ɗan zaure. Ya samu fili aro a fadamar Bakalori, yana shinkafa da rani.

A wannan gidan aro gigin tsufa ya kama Malam Falalu. Da fari ƙananan abubuwa ne: ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ya yi sallar azahar ya sake. Sannu a hankali ya manta an yi hijira. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne baƙunta ya zo gidan wani mutumin kirki. Gajere ya zama "maigida", Larai ta zama "uwargida". Mutumin da bai taɓa yi wa ɗansa doguwar magana ba, yanzu kullum godiya yake zuba masa, har da yi masa addu'ar Allah Ya ba shi 'ya'ya masu jin ƙai. Gajere ya ce amin, kansa a ƙasa, bai san inda zai ajiye wannan addu'a ba.

Kuma da la'asar ta yi, sai tsoho ya naɗe buzunsa, ya ɗauki buta da malfa.

"To maigida, mun gode da karamci. Baƙo raɓa ne. Bari in kama hanya tun rana ba ta hwaɗi ba, na baro gida ba kowa."

Hanyar da yake nufi kuwa, saurayi mai jini a jika ma sai ya yi tambaya ya yi addu'a kafin ya hau ta.

Babu dabarar da ba su yi ba. Suka ɓoye takalmansa, ya fita ba takalmi. Suka ce masa gari ba lafiya, ya ce shi ya san kowa a hanyar, har iyayensu ya sani. An sha rubutu, an yi hayaƙi. A asibiti likita ya ce ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa, babu maganin da zai mayar da shi yadda yake, sai kulawa da haƙuri, kuma a daina yi masa gardama. Gajere ya ce ai wannan maganin yana da shi a gida, sai dai ya kusa ƙarewa.

Ya kusa ƙarewa kuwa. La'asar ita ce lokacin da tsuntsayen janbaki ke sauka a shinkafa, ita ce kuma lokacin da Gajere ke barin gona ya taho tsaron tsoho. Tsuntsaye suka gane haka, suka riƙa yi masa rakiya da ido. Ranar da layin ban ruwan gona ya zo kansa, sau da yawa yana can yana zagayen tasha. Larai ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ko gaisuwar mutuwa sai ta aika. Ga wanki kullum, don tsoho ba ya riƙe fitsari kamar da, kuma sai an yi dabara a canza masa shimfiɗa ba tare da ya gane an gani ba. Shi Gajere ya kai ga in an yi zaman tahiya a masallaci, sai na kusa da shi ya zungure shi a yi sallama da shi.

Ƙaninsa Murtala, mai sayar da kayan waya a Gusau, ya zo ya ga halin da ake ciki. Washegari ya shiga kasuwa ya sayo kwaɗo, sabo fil, da 'yan makullinsa a zare.

"Yaya, ba mugunta ba ce. Daga la'asar zuwa magariba kawai. In ya hau motar Maradun ya sauka inda ba a sauka, mi za mu ce ma mutane? Mi za mu ce ma Allah?"

"Mutumin da bai bar ma zaure ƙyaure ba, shi za ni ruhewa kamar akuya?"

"Akuyar da anka ruhe ita ka kwana gida, Yaya."

Gajere ya san maganar ba ƙarya ba ce. Suka rabu a kan cewa in tsoho ya sake ɓacewa, za a rufe. Aka rataye kwaɗo a ƙusa cikin zaure. Kullum Gajere zai fita sai ya gan shi, zai shigo sai ya gan shi. Wannan Talatar ita ce sake ɓacewar. Duk tsawon hanya da yake tuƙa uban wani, tunanin ƙusar nan yake yi, ko da kunya ta bar shi ya waiwaya, da wuya ya ga komai.

To, Surajo ya shigar da Malam Falalu zaure. Tsoho ya tsaya, ya ga mutum zaune a tabarma da ƙwarya a gabansa. Sai aka ga ya miƙe kafaɗa, ya cire malfa ya jingine, ya ajiye buta a inda take zama.

"Maraba da baƙo! Maraba, maraba. Sannu da hanya. Daga ina?"

"Daga Faru," in ji Malam Hamidu, wanda sai yanzu ya fara zargin akwai magana.

"Faru! Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ina ruwa wajenku? Ina shanu?"

Suka gaisa har gaisuwa ta zagayo inda ta fara, suka sake ɗorawa. Can Malam Falalu ya juyo ya ga Gajere tsaye a bakin ƙofa, ya haɗe gira.

"Kai wancan! Tsaye kake kamar turke, baƙo na zaune ba ruwan alwala?"

Kai wancan. Haka yake kiransa a Gidan Goga tun yana yaro. Rabon Gajere da jin wannan tsawa tun kafin ciwon ya yi nisa. Ya ɗauki buta ya shiga cikin gida, ya daɗe bai fito ba. Larai ta tambaye shi lafiya, ya ce hayaƙin murhunta ne ya yi yawa, alhali ta riga ta kashe wuta.

Kafin a jima ƙofar gida ta cika. An ga mai babur ya ɗauki tsoho a kasuwa, kuma a wannan zamani wannan ba maganar wasa ba ce. Ga surukin Malam Hamidu yana haki, ga 'yan banga da sanduna. Surajo ne ya yi bayani, sai dai dariya ta riƙa yanke masa magana, har ya zauna a ƙasa. Aka ce wa Malam Hamidu ya taso a tafi, ya ce shi ba ya tashi sai maigida ya sallame shi, ba haka aka rene shi ba. Maigida kuwa ya ce ba inda baƙonsa za shi sai an yi magariba. Aka yi magariba, aka sallami baƙo, kowa ya watse da labari a baki.

Larai ce ta lura. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Ka ga yau, tun da ya dawo, bai sake naɗe buzu ba?"

Gajere ya leƙa ya ga buzun tsoho a shimfiɗe. Lallai kam. Baƙo shi ke tafiya. Maigida ba ya barin baƙo a zaure ya kama hanya, ko da gidansa na can yana ci da wuta.

Da safe ya sayi goro ya nemi gidan 'yar Malam Hamidu, ya ba da haƙuri. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar ido, ya tambayi labarin Faru, sannan da ƙyar ya fito da abin da ya kawo shi. Malam Hamidu ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Ni ma zaman mi nike yi nan? Ɗiyata na kirki ce, amma ita da mijinta duk kunyata suke ji, sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji. Ka zo ka ɗauke ni. Amma don Allah, ɗana, ka riƙa duba huska."

Haka aka fara. Kafin la'asar Gajere ya ɗauko shi, ya koma gona ya kori abin da ya samu na tsuntsaye. Kullum Malam Falalu ya tambaye shi daga ina, kullum ya ce daga Faru, kullum a yi mamakin nisan hanya. Gajere bai gaya wa Murtala ɓatan ranar Talata ba, amma labarin da ya zagaye kasuwa ba ya rasa motar Gusau.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Malam Hamidu. Ranar farko ba baƙo, tsoho ya naɗe buzu, aka lallashe shi. Rana ta biyu ya sulale, wani direba ya tsinto shi ya yi nisa a bakin titi, ƙafa ta fashe. Murtala ya kira a waya, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, mun yi alkawari."

Washegari da azahar tsoho ya shiga ɗaki ya kishingiɗa. Gajere ya sauke kwaɗo daga ƙusa, ya ja ƙyaure a hankali, ya datse. Ya zauna a bakin ƙofar, ya jingina kai da bango. Larai ta shige madafa ta ƙi fitowa. Da rana ta karkata, ya ji motsi a ciki, ya ji an taɓa ƙyaure, an sake taɓawa. Ya shirya jin ihu ko zagi. Sai ya ji ƙwanƙwasa a hankali, irin ta mai jin nauyi.

"Maigida? A gahwarce ni. Ƙohwarku ta ruhe kanta. Kada ku damu, in kuna aiki sai in jira."

Gajere ya yi maza ya buɗe. Tsoho ya fito yana ba shi haƙurin wahalar da ya sa shi.

Ranar ya riƙe hannun tsohon suka tafi masallacin unguwa tare. Shi baƙo ne a unguwar, gidan ma aro, kuma bai saba roƙo ba. Amma da aka sallame la'asar, kafin mutane su miƙe, ya tashi da duk tsawonsa ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri. Baƙo nike nema."

Wani ya ce ya duba gindin dogonyaro, nan ake samunsu. Aka yi dariya, liman ma sai da ya rufe baki da gefen rawani. Gajere ya bari ta lafa, ya yi bayani a taƙaice, da muryar da ba za ta kai kunnen tsohon ba. Mutanen nan sun sha ganin tsoho na wucewa da buta, sun sha nuna wa Gajere inda ya bi, amma ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin da zai iya yi da ya wuce nuni. Wani wanzami da ya daina aiki ya ce gobe shi ne baƙo, daga Bakura zai ce ya zo. Wani tsohon malamin makaranta ya ce shi jibi, daga Garbadu. Liman ya ce to a riƙa faɗa bayan sallar asuba, a san wanda ke da baƙunta ranar, don kada a haɗu biyu a cinye wa mutane fura.

Doka ɗaya ce: baƙo ba ya tashi sai an kira magariba, don Malam Falalu, duk mantuwarsa, bai manta ba a kama hanya da duhu ba. Matsala ɗaya ce kuma ba a hango ba: shi ba ya sallamar baƙo hannu sake. Zakara ɗaya ne a gidan, ja, mai tsawon wuya. Kowace magariba sai a kamo shi a ba baƙo, baƙo ya yi godiya, ya zagaya bayan gida ya miƙo shi ta kan katanga. Yanzu zakaran ya gane aikinsa. Ana kiran salla yake zuwa bakin zaure ya tsaya, in an sauke shi a lungu kuma ya dawo da ƙafarsa.

Ba za a ce an warke ba. Ciwon gaba yake yi. Akwai ranar da tsoho ke duban wanzami ya ce, "Kai ba kai ne na jiya ba?" sai wanzami ya ce wancan wansa ne, kama ce ta yi yawa. Akwai ranar da mai baƙunta ke mantawa, ko ruwan sama ya hana shi, a koma 'yar gidan jiya. Saboda irin wannan rana Surajo ya gaya wa direbobin tasha, in tsoho mai riga ruwan toka ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a ce mota ba ta cika ba. Wankin Larai bai ragu ba, furar ma ƙaruwa ta yi, ko da yake Murtala ya aiko da gero ya ce na baƙi ne. Amma ta je sunan ƙanwarta a Bakura ta wuni, ta dawo tana ba da labari kamar wadda ta je Makka. Shinkafar bana tsuntsaye sun bar wa Gajere abin da zai kai gida. Kwaɗon yana nan, a ƙofar ɗakin da ake ajiye shinkafar. Malam Hamidu ya warke, shi ne baƙon Talata, ya ce ranar tasa ce tun asali, ba ya ba kowa.

Gajere dai har yanzu yana gyangyaɗi a tahiya. Ya rame, gashin gemunsa ya fara fari. Tsohon wani lokaci ya kira shi "kai wancan", wani lokaci "maigida", kwanan nan ma akwai ranar da ba ya kiransa komai, kallonsa kawai yake yi. Duk sunan da aka kira shi, Gajere amsawa yake.

Ran wata Talata ya biyo ta tasha zai je ɗauko Malam Hamidu, ya tsaya a rumfar mai shayi ya ɗan sauke ƙafa. Surajo ya hango shi daga bakin mota.

"Jama'a, kowa ya riƙe tsohonai, ga Gajere nan! Gajere, yau uban wa za a ɗauka?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Gajere ya kurɓi shayi, ya murza ido da bayan hannu, ya yi ɗan murmushi.

"Ku dai yi ta dariya. Ni wallahi, da wani zai tsuguna gabana yanzu ya ce, 'Baba, mu tahi gida,' hawa za ni yi. Ba ni ko duban huskarshi."